Makullin Baba An-Auna da 'Yar Hula Baƙa

A layin masu gyara babu wanda ke kiransa da sunansa na yanka, ko dai ba a sani ba, ko an sani an manta. Baba An-Auna ake ce masa, domin ita ce maganar da ta fi zama a bakinsa. Ka kai masa rediyo ka ce batirin sabo ne, yanzu ka ɓare ledarsa, zai ɗago kai ya dube ka kamar ka taka masa ƙafa, ya ce, "An auna?" Ka ce masa yau ana zafi, ya ce, "An auna?" Ranar da matarsa Inna ta haifi autarsu, aka zo da gudu aka ce masa an samu yarinya ƙatuwa tubarkalla, wallahi sai da ya yi wannan tambayar kafin ya gode wa Allah.

Shekara talatin da bakwai ya yi a shago ɗaya, mai faɗin ƙofa ɗaya da rabi, tsakanin tela da mai gyaran takalmi. Katangar falanki ce ta raba su, saboda haka ko tari ya yi maƙwabta sun ji. A ciki akwai tebur dogo guda, fanka mai kukan akuya, da gawarwakin rediyo da talabijin jibge har rufi. Akwai kuma mitarsa ta auna wuta, mai allura, wadda ta girmi duk 'ya'yansa, yana goge ta da bakin rigarsa kamar jaririya. Makullin shagon kuwa yana ɗaure da igiyar takalmi a wuyansa, ƙarƙashin singileti. Babu hannun da ya taɓa buɗe ƙofar nan sai nasa. Ko ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, sai da ya zo ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, sannan ya yarda aka kai shi asibiti.

Mutum ne mai hannu, wannan ko maƙiyinsa ya sani, kuma maƙiyan nasa ba kaɗan ba ne. Da riƙon tsani ya fara, yana bin mai kafa eriya, daga nan ya koma rediyo, ya koma kaset, ya koma talabijin mai ƙaton ƙeya. Abin da ya rasa shi ne daɗin baki. In ya gyara maka abu, sai ya haɗa maka da zagin wanda ya fara taɓawa, ko da kai ne. Mutane suka jure saboda ba su da wani. Sai zamani ya juya. Kaya suka daina lalacewa a jiki, suka koma lalacewa a ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwa ba ta jin dalma. Masu jure zagi suka ragu, Baba An-Auna ya koma yini yana korar ƙuda da tsohuwar jarida.

A nan ne surukinsa ya shigo labarin, wato mijin Auta. Saurayi ne mai gilashi da jakar baya, ya yi makarantar koyon sana'a, yana da takarda har da hatimi. 'Yan layi suka laƙa masa Injiniya, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba. Aikinsa ɗura wa dikoda da sauran na'urori sabuwar manhaja daga kwamfuta, in tasu ta rikice. Ba shi da shago. Auta ta yi ta zuwa tana zama a gaban ubanta tana matsar hawaye, har ya yarda ya ba mijin nata rabin tebur. Ya ɗauko alli ya ja layi a tsakiya, sai dai da ya tashi ja, rabin Injiniya bai kai rabi ba. Ba a auna ba ranar.

Suruki da suruki ba sa cacar baki, kunya ta hana. Sai suka samo hanya. Baba An-Auna ya riƙa yi wa fanka magana, Injiniya kuma yana ba kwamfutarsa amsa.

"Fanka, kin ga zamani ko? Mutum ya danna maɓalli ya naɗe hannu, wai ya yi gyara."

"Kwamfuta, yi haƙuri ki yi sauri, wasu tun safe ko fis ba a kawo musu ba."

"Fanka, gaya wa mai jakar nan wayarsa ta tsallako layi."

Haka suka yi wata takwas. Tela ya daina kunna rediyo, ya ce wannan tashar ta fi.

To, duk aikin Injiniya a kan wani ɗan fanel yake rataye, bai kai tsawon yatsa ba, shi yana kiransa adafta. Baki ɗaya ana cusa shi a kwamfuta, ɗaya bakin kuma ƙafafu ne tsini-tsini da ake jona wa siraran wayoyi zuwa cikin na'urar da za a gyara: ƙafar wuta, ƙafar ƙasa, ƙafar da ke aika magana, da wadda ke karɓa. A gefe akwai wasu ƙafafu uku a jere, da 'yar hula baƙa ta roba, ba ta kai ƙwayar wake ba, wadda ke rufe biyu daga ciki. In ka sa ta a hagu, wuta biyar ce ke fita. In ka mayar da ita dama, uku da ɗigo uku. Tsofaffin kaya suna shan biyar lafiya lau. Na zamani kuwa 'yan gata ne, ka ba su biyar su mutu ko sallama babu, ba hayaƙi, ba ƙara, sai dai ka kunna ka ga shiru.

Baba An-Auna ya raina adaftar nan a baki, amma ya gano tana da amfani. In Injiniya ya fita cin abinci ya bar kwamfuta a kunne, sai ya miƙa hannu ya tsallake layin alli, ya mayar da hular hagu, ya ɗebi wuta biyar ya gwada ƙananan ƙwayayen fitila. In ya gama ya mayar. Rannan bai mayar ba. Injiniya ya dawo yana sakace, ya jona dikodar mai kantin magani, dikoda ta ce ga garinku nan.

Ya duba hula, ya gan ta a hagu. Gida ya tafi ya gaya wa Auta, Auta ta gaya wa Inna, Inna ta buga wa babban ɗansu waya, direban tanka ne, mai murya kamar hon ɗin motarsa. Baba An-Auna ya rantse ya mayar da hular, kuma har cikin ransa ya yi imani ya mayar. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, yau shekara biyu ke nan wani farin hazo ya fara rufe masa ido. Rubutun da ke jikin fanel ya daina gani tun tuni, da farce yake ƙirga ƙafafu. Allurar mitarsa ma sai dai ya ga inuwarta ta motsa, bai san inda ta tsaya ba. Ya san sarai ranar da Inna ta ji wannan, ranar za a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida a ce ya huta, ya riƙa amsa gaisuwar masu wucewa har mutuwa ta tuna da shi.

Injiniya ya sayo sabuwar adafta, ja, mai araha, ya ce tsohuwar hannu ya yi mata yawa. Ya sa hularta a dama, ya riƙa kulle ta a durowa. Sati biyu aka yi, sai na'urar intanet ta wani malamin makaranta ta mutu a hannunsa, irin mutuwar waccan sak. Hula tana dama daram.

"Kwamfuta," in ji Injiniya, "minti goma na bar ta a kan tebur na je bayan gida. Ashe yanzu an koyi juyawa a mayar bayan an yi ɓarna."

Baba An-Auna ya buɗe baki zai ba fanka amsa, sai wani abu ya faɗo masa a rai. Ya tuna ya ɗauki jar abar nan ya shafa ta da yatsa, don jin yadda take. Ya juya hular? Ya mayar? Ya yi ta lalube a cikin kansa bai samu komai ba. Karo na farko a tarihin layin, aka yi masa habaici ya yi shiru. Tela ya leƙo ya ga ko lafiya.

A ƙarshen mako direban tanka ya zo, aka zauna a falon Inna da rana tsaka, aka rufe ƙofa.

"Baba, ba raini ba ne," in ji shi, alhali rainin ne. "Ka yi aiki, ka gaji. Yaron nan yana da iyali, kana kashe masa kasuwa."

"An auna gajiyar?"

"Malam, ka bar wannan maganar," in ji Inna. "Jiya gishiri ka zuba a shayi, ka shanye don kar a ce ka yi kuskure."

Auta tana gefe tana kuka, ba a san ko wa take yi wa ba. Aka yanke magana: in aka sake ƙona abu ɗaya a shagon nan, ko na waye, ko wa ya jona, Baba zai cire igiyar nan daga wuyansa ya miƙa wa surukinsa. Ya tashi ya fita bai ce ya yarda ba, bai kuma ce bai yarda ba. A hanya hannunsa na kan ƙirji, yana taɓa makullin ta saman riga.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, sai ga Mai Kaji ta faɗo shagon kamar an jefo ta. Mace ce mai jiki da baki, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, abin da ta gani da safe kafin azahar ya isa kunnen Inna da ƙari. Ta dire wani fanel a kan tebur, daidai kan layin alli.

"Na injin ƙyanƙyasata ne. An ɗauke wuta an dawo da ita da ƙarfi, ya haukace, sai lambobi yake rubutawa kamar mai aljanu. Ƙwai ɗari uku na bari a ciki, saura kwana uku su fashe, na lulluɓe su da bargo. In suka huce, ku biyun nan sai kun kwanta a kansu."

Injiniya ya juya fanel ɗin, ya ce manhaja ce ta rikice, aikin minti ashirin ne. Ya ciro makullin durowa, ya fito da jar adaftar, ya ɗaga ta sama yadda Mai Kaji za ta gani.

"Umma, ki zama shaida. Kin ga 'yar hular nan? Tana dama. Ga rubutu, uku da ɗigo uku. Tun jiya take kulle, babu wanda ya taɓa."

"Ni ina ruwana da hula, ɗan nan? Jona ka ba ni abuna."

Baba An-Auna yana zaune a kujerarsa. Lissafin a fili yake. In wannan ya mutu, makulli ya tafi, ko ya taɓa ko bai taɓa ba. In kuma bai juya hular ba a waccan ranar, to akwai abin da ke kashe kaya a teburin nan wanda ba shi ba ne, kuma ga shi can a hannun yaron, ana shirin jona shi. Ya ji ƙarar wayoyi na shiga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya miƙe, ya tsallake layin alli da jikinsa gaba ɗaya, ya dafe fanel ɗin Mai Kaji da tafin hannu.

"An auna?"

Ba fanka ya tambaya ba.

"Baba, a rubuce yake."

"Fenti ne. Wanda ya shafa shi bai san ka ba, bai san kajin matar nan ba. An auna?"

"Kai, tsohon nan!" in ji Mai Kaji. "Yau ma? Ƙwaina na sanyi kana tambayar da ka yi wa jaririya!"

Ko kallonta bai yi ba. Ya jawo mitarsa, ya lalubi ƙafafun adaftar da farce, ya ɗora baƙin tsinke a ƙafar ƙasa, ja a ƙafar wuta. Inuwar allura ta motsa cikin hazo. Ya tura mitar gaban surukinsa.

"Karanta. Da bakinka, da ƙarfi, shaidar taka ta ji."

"Uku da ɗigo uku," in ji Injiniya, har da ɗan murmushi. "Kwamfuta, kin ji ko?"

Baba An-Auna ya sunkuyar da kai. Ashe shi ne. Ashe ya juya ya manta. Har zai janye hannunsa, sai taurin kai na shekara talatin da bakwai ya riƙe shi: ƙafa huɗu aka jona, ɗaya ya auna. Ya matsa da jan tsinken zuwa ƙafar da ke aika magana.

"Wannan fa?"

Injiniya ya ƙura wa allurar ido. Fanka ta yi kukanta na akuya.

"Makaranta ba ta koya maka lamba ba ne? Karanta."

Injiniya ya ciro tasa mitar mai rubuta lamba, ya auna da kansa, ya sake aunawa. Ya cire hular ya mayar. Ya sa ta a hagu, ya dawo da ita dama. Ƙafar wuta tana bin hula, ƙafar magana kuwa ko gezau.

"Biyar," ya ce a hankali.

"Ban ji ba. Tsufa."

"Biyar, Baba."

Abin da ya faru ke nan: masu ƙera jar adaftar sun jona hular da ƙafar wuta kawai, suka bar ƙafar magana tana harbin biyar ko ina aka sa hula. Ita ta kashe na'urar malamin makaranta, tsoho bai taɓa komai ba. Mai Kaji ba ta gane ko ɗaya ba, ita dai ta ga fuskar yaron ta zube.

"To biyar ɗin alheri ce ko tsiya? Ku yi magana!"

"Je ki sha iska a waje, Hajiya," in ji Baba An-Auna, murya ta dawo masa har da ƙari. "Yanzu za a yi gyara irin na mutane."

Ta fita tana mita, ta zauna a bencin tela. Tsohuwar adaftar tana gidan Injiniya, zuwa da dawowa ya fi awa, ƙwai ba za su jira ba. Amma rage wuta ba sabon abu ba ne a wurin mai gyaran rediyo: resista biyu, ɗaya a kan hanyar wayar magana, ɗaya daga nan zuwa ƙasa, sai biyar ta sauko ta zama uku da 'yan kai. Matsalar ɗaya ce. Resista da zanen launi ake gane ƙarfinta. Da can a kwalayen ashana yake ajiye su, kowane kwali da tsagar da ya yi masa da wuƙa don yatsa ya gane. Watan jiya Injiniya ya yi sharar gwaninta, ya juye su duka a gwangwani ɗaya.

Baba An-Auna ya zuba su a tebur, ya tsinci ɗaya, ya kai ta kusa da hanci, ya ga toka-toka kawai. Ya miƙa.

"Bari mu ga takardar taka ta gaske ce. Faɗi launukan wannan."

Injiniya ya karɓa. Ya dubi resistar, ya dubi tsohon, ya daɗe yana dubansa. Rawaya ce da shuɗi a jikinta ƙuru-ƙuru.

"Ruwan ƙasa, baƙi, ja," ya ce.

"Madalla. Ita nake nema. Ashe ka ɗan iya."

Injiniya ya ajiye ta gefe. Ya tona tarin da yatsa, ya zaro mai ruwan ƙasa da baƙi da ja ta gaskiya, ya zaro mai ja da baƙi da ja, ya sa su a tafin surukinsa. Baba An-Auna ya ji biyu a hannunsa, ya ji ƙarar ta ukun da aka ture, ya gane an yi masa tarko kuma ya faɗa. Bai ɗago kai ba. Ya murɗa ƙafafun resistocin da yatsu, wannan ko a duhu zai yi, ya ce inda za a liƙa, yaron ya sa dalma. Aka ɗora tsinke.

"Uku da ɗigo uku," in ji Injiniya, ba a tambaye shi ba.

Minti ashirin ɗin ya zama arba'in, amma fanel ya dawo hayyacinsa. Mai Kaji ta fizge abinta ta tare mai babur, tana cewa wallahi Inna sai ta ji yadda tsohon nan ya hana yaro aiki da aune-aunensa, amma dai abu ya tashi.

Da ta tafi, Baba An-Auna ya koma kujerarsa ya gyara zama.

"Yau da yamma za ka je ka gaya wa uwar matarka wa ya ƙona na'urar malami."

"Zan je, Baba. Sai in haɗa da labarin rawaya da shuɗi."

Tela ya ce da ya jiyo wannan ta bayan katanga, keken ɗinkinsa ma tsayawa ya yi.

"Munafuki," in ji tsohon.

"Tun yaushe ne idon?"

"Ba ruwanka."

"Ana cire yanar idon nan a asibiti, Baba. Kwana ɗaya ne."

"An auna?"

Babu wanda ya je wurin Inna. Direban tanka ya bugo waya sau biyu yana tambaya, aka ce masa ba a sake ƙona komai ba, kuma gaskiya ne. Kwana uku bayan haka Mai Kaji ta aiko da 'yan tsaki biyu a kwali, ɗaya na tsoho ɗaya na yaro, suka yi rigima a kan wanne ne ya fi girma.

Makulli yana nan a wuyan Baba An-Auna. Shi ke buɗewa, Injiniya na tsaye a bayansa da jaka yana kallon sama, kamar bai ga tsohon na laluben bakin kwaɗo ba. Layin alli ma yana nan, an sake ja, wannan karon yaron ne ya ja, kuma rabin tsoho bai kai rabi ba. Duk abin da za a jona a teburin nan, sai tsoho ya ɗora tsinke a ƙafafu huɗu ɗaya bayan ɗaya, yaro ya karanta lamba da ƙarfi. Asibiti kuwa har yau ana kai ruwa rana. Kullum in Injiniya ya shigo sai ya ce, "Kwamfuta, layin likitan ido ranar Talata ne," tsohon kuma ya ce, "Fanka, gaya wa mai jakar nan wayarsa ta tsallako."